Sautun Kumashi

Yakaka ce ta ƙarshe da ta ji labarin tafiyar, ita da take kwana gida ɗaya da masu tafiyar. Tela ta sani, mai hoto ya sani, har mai yi wa yara lamba a asibiti ya sani. Ita uwar da ta haifi mai gidan, sai a bakin baƙuwa ta tsinta.

Ranar tana tsakar gidansu a Fagge, ta ɗora kasko tana juya kajiji da farcen turare. Turaren wuta sana'arta ce tun da iyayenta suka zo da ita daga Barno tana yarinya. Sai ga Philomena ta yi sallama. Tela ce a Sabon Gari, matar Mista Nwabueze akawun tashar jirgin ƙasa, kuma ta daɗe tana sayen turare a gidan.

"Mama, yau mai ƙarfi nake so, wanda zai kai Ankara ƙamshi bai mutu ba. Matar yayana zan kai wa."

"Ankara ta Gwalkwas, ƙasar goro? Yaushe kuma?"

"Hutun Kirsimeti mana. Ke ba ki fara ɗaure naki kayan ba? Ni na gama ɗinka na Zara da na yara tun tuni."

Yakaka ta tsayar da muciya. Philomena ta dube ta, ta dubi ƙofar ɗakin Zara, matar ɗan Yakaka, inda labule ya motsa ya koma. Nan ta gane ta yi ɓaranɓarama. Ta karɓi turarenta ta fice, ko cinikin da ta saba ja ba ta ja ba.

Sai a lokacin Yakaka ta tuna hannun jikokinta ɗaure da ƙyalle a makon da ya wuce. Da ta tambaya aka ce makaranta ce ta sa a yi wa yara lamba. Ashe lambar ƙetare ƙasa ce.

Ɗan nata Sammani malamin makarantar boko ne. Mutum ne mai sa kwat da laktaye ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, mai cin tuwo da cokali, mai duba agogo kafin ya amsa gaisuwa. Da la'asar ya shigo yana tura kekensa, ya tarar da ita zaune a bakin zaure ta ciki, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Sannu da gida, Inna."

"Ajiye dokin ƙarfen nan. Ina za ka da jikokina?"

Ya jingine keken, ya ɗan gyara wuyan riga. "Da ma ina shirin gaya miki. Holide ake ce masa."

"Wane ne shi? A Ankaran yake zaune?"

"Ba mutum ba ne, Inna. Hutu ne. Mutum ya ɗauki iyalinsa idan an rufe makaranta, ya je wata ƙasa ya sha iska, ya ga teku, ya dawo. Mu da su Mista Nwabueze za mu. Jirgi zuwa Ikko, daga nan mota ta bi bakin ruwa."

"Fatauci za ka?"

"A'a."

"Wani ya mutu? An yi haihuwa? Karatu za ka ƙaro?"

"Babu ko ɗaya."

"To iskar Kano ƙarewa ta yi? Ubanka ya bi hanyar nan da jaki, ƙafarsa ta tsage kamar bakin kududdufi, ya dawo da goro. Kai za ka bi ta a kan kujera ka dawo da iska."

Sammani ya yi murmushin nan nasa na wanda ake ɓata wa lokaci. Yakaka ta sunkuyar da kai tana kankare bakin kasko da farce, sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Waccan fa?"

Waccan ita ce Falmata, 'yarta ta fari. Ta auri wani ɗan fataken goro, ta bi shi Zangon Kumashi, unguwar Hausawan can, yau an fi shekara goma. Ta haihu a can, ta sake haihuwa, Yakaka ba ta taɓa goya ko ɗaya ba. Idan fatake suka iso sai dai a ce mata ana gaishe ta. Kuma Kumashi da Ankara ai ƙasa ɗaya ce, jirgi ma yana haɗa su.

"Kumashi ba ta kan hanyarmu," in ji Sammani. "Kuma Inna, tsakani da Allah, tun da Yaya Falmata ta tafi ban taɓa jin kin ambaci sunanta ba. Na ɗauka abin bai dame ki ba."

Ka ji malamin makaranta. Ko yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba ta san uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ɗokinta a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Shi da ya tashi a cikin gidan, ya ga uwarsa tana tashi ta shiga ɗaki duk ranar da fatake suka zo da gaisuwa, shi ne wai ya ɗauka abin bai dame ta ba.

"Ni dai ka sa ni a jirgin nan," ta ce. "Ba ruwana da tekunka. Ka ajiye ni inda zan sami motar Kumashi."

"Ba zai yiwu ba, Inna. Hanyar da nisa, ga shekaru. Kuma a otal za mu sauka. Can akwai Turawa, akwai manyan mutane. Ba a tauna taba a tofar a ƙasa, ba a zama a daɓe a ci abinci. Za ki takura, mu ma mu takura. Ki zauna ki duba mana gida."

Ya faɗi haka da bakinsa. Bakin da ta ɗura wa koko. Ta dube shi tun daga takalmi har tsagar da ya yi wa gashinsa da mataji, ta janye ƙafarta ya wuce.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi Kantin Kwari, wurin Malam Dabo, ƙanin marigayi mijinta. Shi ne babba a dangi yanzu, dillalin atamfa ne, yana zama a kan benci a ƙofar kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan masu sayar da yadi. Ta zayyana masa komai, ba ta rage ba. Ta ce ya kira yaron nan ya tsawatar masa.

Malam Dabo ya shafa gemu, ya ce yaran yanzu sai haƙuri. Ya ce mai ilimi ba a yi masa tsawa kamar ɗan dako. Ya ce ta yi ta addu'a. Duk maganar da yake idonsa na kan wata mata da ke taɓa turmin atamfa a kantin gaba.

"Wato ba za ka yi komai ba."

"Ba haka ba ne, Yakaka. A bi a hankali dai." Ya ɗan matso. "Amma da gaske Gwalkwas za shi? Don ina da wasu takalma da hula da na daɗe ina neman mai kai wa yayan matata a Zango. Ko zai karɓar mini sautu?"

Yakaka ta buɗe baki za ta wanke shi, sai ta rufe. Ta daɗe tana kallonsa. Rabon da wannan mutum ya faɗi magana mai amfani tun ranar da ya ce a rufe yayansa kafin azahar.

"Zai karɓa," ta ce. "Ka aiko gida. Ni na karɓa da sunansa."

A Fagge ba a tafiya a ɓoye. Mai niyyar hanya mai nisa yakan zaga ya yi ban kwana, kuma duk wanda yake da wani a can yana da haƙƙin ya ba shi sautu: kai wa wane wannan, gaya wa wance kaza. Ba a ƙi. Wanda ya ƙi sautu, ranar da ya kwanta ciwo a wata ƙasa ba mai kai labarinsa gida. Sammani ya tsallake wannan don ya ga ba ya cikin littafinsa. Uwarsa ta ga ya dace ta cike masa gurbi.

Ta fara daga gidan liman. Ta bi gidan mai unguwa, gidan masu jima, gidan wanzami, ta shiga lungun 'yan Barno ta fita ta na Buzaye. Ko'ina maganarta ɗaya, cikin ladabi kamar ba ita ba: "Ɗanku Sammani zai yi tafiya Gwalkwas, aiki ya yi masa yawa, ya ce in nema masa albarka. In da sautu a kawo, kada a ji nauyi." To wane gida ne a Fagge ba shi da ɗa ko suruki ko tsohon miji a Zangon Kumashi?

Kaya suka fara sauka. Takalman Malam Dabo ne suka yi sallama, sai buhun kanwa daga gidan mai unguwa. Sai kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa ƙunshi-ƙunshi. Liman ya aiko da allo da tawada da buzu na wani ɗalibinsa da ya zama malami a can. Wata tsohuwa ta kawo man shanu a gora, ta toshe bakin da tsumma, ta ce a riƙe shi a tsaye har Kumashi. Wanzami ya kawo ƙaho. Wata ta kawo turmi, turmi na daka, wai 'yarta ta ce na can ba ya jin tabarya. Yakaka tana zaune a zaure tana amsa kowa: "An karɓa. Allah ya kai."

Zaure ya cika har keken Sammani ya rasa wurin jingina. Akwatunan da ya saya na tafiya, masu makulli mai ƙyalli, suka shige ƙarƙashin kanwa. Kwat ɗinsa da ke rataye ya sha daddawa, ya shiga aji yara suna toshe hanci.

Ranar da aka kawo turmin ne ya fashe.

"Inna, mene ne wannan? Wa ya ce ki gaya wa mutane?"

"Au, sirri ne? Ai ban sani ba. Na ga tela ta sani."

"Kumashi fa duk kayan nan za su! Na ce miki ba za ni Kumashi ba!"

"To ka gaya wa liman. Ga gidansa can, ka san ƙofar. Ka ɗauki allonsa ka mayar masa, ka ce kai iska za ka sha."

Ya fita fuu kamar zai je. Ya kai bakin masallaci, liman ya hango shi ya ɗaga hannu ya shiga sa masa albarka, yana cewa irin su Sammani ne ke nuna boko bai ɓata yaro ba. Mutanen da ke alwala suka amsa da amin. Sammani ya durƙusa ya karɓi addu'a ya dawo, allo na nan inda yake.

Yakaka ta zaci an gama. Mutum ya ga ba makawa sai Kumashi, ai sai ya ce wa uwarsa ta ɗauko mayafi. Ba ta san iyakar taurin kan abin da ta haifa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga. Ya ce ya fasa. Ba Ankara, ba Kumashi, ba ko Zariya. Shi ba jakin Fagge ba ne. Kowa ya zo ya kwashi tarkacensa, kuma wadda ta karɓa ita za ta yi bayani. Zara ta shige ɗaki tana kuka a kan sababbin kayan da aka ɗinka mata, yara suka taya ta. Wato ya gwammace ya hana matarsa da 'ya'yansa ganin tekun da ya cika musu kunne da shi, da a gan shi a jirgi ɗaya da uwarsa tana tauna taba.

Kafin la'asar mata sun fara shigowa, kowace da fuskar jaje da idon gulma. Mai man shanu ce a gaba, ta miƙa hannu za ta ɗauki gorarta.

"Ajiye," in ji Yakaka.

"Ai an ce an fasa."

"Wanda ya fasa shi ya karɓa? A hannun wa kika sa gorar nan?"

"A naki."

"To ni ban fasa ba. Amanar da ta shigo zauren nan ba ta fita ta ƙofar da ta shigo. Ku koma gida."

Ta faɗa ne kawai don kada a ga bayanta. Da suka watse ta zauna a kan buhun kanwa. Ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ikko ma a bakin mutane take jin ta. Amma ta riga ta faɗa a gaban mata, kuma can ƙarshen hanyar akwai wadda take son gani.

Da safe ta ɗauki murjaninta na aure ta kai wa dillaliya, daga nan ta miƙe Sabon Gari a ƙafa. Ta tarar da Philomena a kan keken ɗinki, Mista Nwabueze yana zaune a baranda da singileti yana shan shayi.

"Ku kuna nan a kan tafiyarku?"

"Muna nan, Mama," in ji Philomena. "Mun ji Malam ya fasa. Wallahi bakina ne ya jawo."

"Bakinki ya yi aikin Allah. Wurin mutum huɗu ya faɗi a motarku. Ni ɗaya ce, sauran ukun na kaya ne."

Mista Nwabueze ya ajiye kofi. Ya ce Malam Sammani abokinsa ne, ba zai so ya shiga tsakanin ɗa da uwa ba. Ya ce akwai lamba, akwai hoto, akwai takardar ƙetare iyaka, ga ƙasashen da Faransa ke mulka a tsakani.

"Hannu gare ni, a tsaga. Fuska gare ni, a ɗauka. Ba cewa na yi ka goya ni ba, Mista. Ka sauke ni a Zangon Ankara kawai. Daga nan Hausawa za su miƙa ni hannu zuwa hannu."

"Amma Mama, turmi?"

Philomena ta juya ta yi masa magana da harshensu, doguwa, tana nuna shi da almakashi. Yakaka ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga mutumin yana ƙanƙancewa a kujera. Da ta gama ta juyo ta ce, "Na ce masa ya tuna shi ma yana da uwa a ƙauye, kuma ni ce nake ɗinka rigar da zai sa gobe. Tashi mu je wurin Sylvester mai hoto."

Sylvester ya zaunar da ita a gaban wani labule mai zanen bene, ya shige cikin baƙin ƙyalle, ya ce ta yi dariya. Ta ce ba ta ga abin dariya ba. Haka hoton ya fito, kuma duk wanda ya gan shi ya ce ita ce sak.

Ranar tafiya rabin Fagge ya zo tasha, kowa yana son ya ga kayansa sun hau da idonsa. Ana sanyin nan mai fasa leɓe. 'Yan dako suna ta jidar kanwa, Mista Nwabueze yana gumi duk da sanyin, yana rarrashin abokan aikinsa a kan turmi. Malam Dabo ya zo da babbar riga yana gaya wa mutane cewa da ma shi ya ba da shawarar a yi haka. Mai man shanu ta bi gorarta har cikin tarago ta sake jaddada a riƙe ta a tsaye.

Yakaka ta sami wuri a bakin taga. Ta sa taba a baki.

Sammani bai so zuwa ba, amma ba yadda za a yi uwa ta kama hanyar Gwalkwas a ce ɗanta yana gida yana karanta jarida. Ya zo ya tsaya can baya. Da aka buga ƙararrawa liman ya waiwaya ya yafito shi. Mutane suka buɗa masa hanya. Kowa ya san abin da ya rage: mai tafiya da mai zama sai sun yafi juna, don ba wanda ya san wanda zai riga wani, balle tsohuwa a hanya irin wannan.

Ya zo ƙarƙashin tagar, ya duba ƙasa ko da datti, ya ja wandonsa sama, ya durƙusa.

"Inna, Allah ya kiyaye hanya. A yafe mini."

Ana jira ta ce ta yafe duniya da lahira, yadda kowace uwa take cewa, a shafa a watse.

Ta leƙo ta dube shi.

"In na gan ta da idona, na yafe. In na mutu a hanya ban gan ta ba, ka nemi mai yafe maka."

"Haba Yakaka," in ji liman. "A bakin tafiya?"

"A bakin tafiya, Malam. Ku da kuka iya addu'a sai ku dage in isa."

Jirgi ya yi kuka ya ja. Sammani ya miƙe yana bin tagar da sauri-sauri, yana cewa Inna, Inna, mutane na kaucewa. Ba ta ƙara leƙowa ba. Ta riga ta juya tana faɗa da Philomena, wadda ta jingina gorar man shanu a kwance, har ya fara tsatsowa a kan rigar Kirsimetin Mista Nwabueze.